Tsanin da Karnukan Safana Suka Ci

Shekarar da Bature ya sa a gina bariki a Safana, ni ne shugaban leburori. Igiyar tsaninmu ta ruɓe, sai na karɓo ɗanyar fata wurin mahauta, na ɗaure matakan.

"Yaya, fatar nan tana wari," in ji ƙanena magini.

"Rufe mini baki! Ko giwa ce ta hau, ba zai tsinke ba," na ce masa.

Ashe karnuka sun kwana suna gaigayarta. Da safe wakilin Hakimi ya zo duba aiki, na matsa masa ya fara hawa. Bai kai rabi ba ya rufto cikin kwaɓin ƙasa, har rawani.

Ranar aka tuɓe ni, na koma ɗaukar tubali. Yau ga furfura, amma in kare ya gifta a kasuwar Batsari, sai mahauta su ce, "Sarkin Tsani, ga abokin aikinka nan."