Ranar da Na Kashe Wutar Shagon Habu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar kasuwar Gesheme da na kashe wa taubashina Habu wutar shago. Sai dai in faɗa tun farko cewa an kwana biyu, kuma mai yiwuwa wasu abubuwan sun cakuɗe mini. Misali, ba ni da tabbacin yawan mutanen da ke wurin. A kaina dai gari guda ne.

Lokacin na gama lisans ɗina, wato digirin farko, a fannin informatik, ilimin kwamfuta, na dawo gidanmu a Dogon Dutsi ina zaman jiran aiki. Babu ofishin da ban kai wa takardu ba. Shi kuwa Habu, ɗan kawuna, tun aji biyar ya bar lekol, wato makarantar boko, amma yana da shagonsa na cajin waya a Gesheme: farantan hasken rana a kan rufi, batura a ƙasan tebur, da wani akwati da ake kira konbatisar, wanda ke juya wutar batura ta zama irin ta gida. Tun muna yara bai taɓa kiran sunana ba. “Bawana mai gilashi” yake ce mini, ko a gaban wa, ni kuma in rama da abin da ya sawwaƙa. Haka taubasantaka take.

Wata rana ya zo Dogon Dutsi ya ce yana so ya sayi ordinatar, wato kwamfuta, ta hannu, samari su riƙa buga wasan ƙwallo a shagon.

“Kai za ka riƙe wurin, bawa,” in ji shi. “Ka zaɓo muna mai kyau. Karatun nan naka dai shi yi rana ko sau guda.”

Na yi dariya. Wannan ne aiki na farko da wani ya yi mini tayinsa.

Muka je wurin wani mai sayarwa kusa da tasha. Guda biyu ya fito mana da su: wata siririya mai ruwan toka, da wata baƙa mai kauri wadda madannanta ke ba da jar wuta. Habu ya ɗaga siririyar ya juya ta.

“Ni wagga ta yi mini.”

Na ce, “Ya danganta.” (Wannan kalma ce ta cinye ni, ku riƙe ta.)

Na roƙi a ba ni lokaci in yi bincike. Kwana goma sha ɗaya na yi, ko sha biyu. Na zana tablo, wato jadawali, a takarda, na jera su gefe da gefe: ƙarfin prosesar, kart grafik mai zana hotunan wasa, girman memuwar mai riƙe bayanai, hasken allo, nauyi, har da yawan ramukan da ake soka waya. A kusan kowane layi baƙar ce ke gaba. Layi na ƙarshe shi ne yawan wutar da cajar kowace ke ja. Da na je bugawa a na'ura sai layin ya tsallaka shafi na biyu shi kaɗai. Na ga abin bai yi kyau ba, takardar mai lisans ta fito da wutsiya. Sai na goge shi.

Ba zan ce ban ga cajar baƙar ba. Na gan ta, girmanta ya kusa rabin tubali. Har Habu ya kira ni a waya ya tambaya.

“Bawa, abar ga tana cin wuta?”

“Ya danganta da yadda ake amfani da ita.”

Abin da ya kamata in ce shi ne: Habu, konbatisar ɗinka nawa yake ɗauka? Tambaya ɗaya. Amma na ga kamar in na tambayi wanda bai gama firamare ba, zai ɗauka ban sani ba ne. (Kuma ban sani ba ɗin.) Ya sayi baƙar a kan maganata.

Muka sa ranar kasuwa don a buɗe wasan, saboda ranar ce mutane suka fi yawa. Ita ce kuma ranar da mutanen ƙauyuka ke kawo wayoyinsu caji, da yawansu sai wani mako za su sake ganin wuta. Teburin Habu ya cika da wayoyi, kowace da lambarta a manne, kowace da ƴar wutarta tana ƙiftawa. A bakin ƙofa wata tsohuwa na zaune a kan buhun hatsinta. Habu ya ce mini duk ranar kasuwa da la'asar ɗanta da ke ci-rani yake kiranta, shi ya sa take fara kawo tata.

Na sa farar riga. Na manna tablo ɗina a bango. Har ɗan jawabi na yi wa samarin da suka taru a kan bambancin kart grafik, ina cewa “a ganina” da “in ban yi kuskure ba”, su kuwa idonsu na kan jar wutar nan. Sannan na soka caja.

Da farko lafiya lau. Aka zaɓi ƙungiyoyi, samari biyu suka karɓi manet, abin da ake riƙewa a buga wasan. Ana busa usur ɗin farawa sai fankokin cikin baƙar suka tashi da ƙara kamar injin niƙa. Daga ƙasan tebur konbatisar ya amsa da wani dogon kuka. Sai wari, irin na roba in ta ƙone. Sai duk ƴan wutar wayoyin nan suka mutu a tare.



“Ba komai,” na ce. “Tana da batirinta.”

Tana da shi kam. Abin da na karanta kuma na manta shi ne, irin waɗannan in aka cire su daga wuta sai su rage ƙarfi. Ƴan ƙwallon suka koma tafiya kamar masu ratsa rairayi da kaya a ka.

“Musye,” wani ya ce daga baya, “ƴan wasan naka azumi suka yi?”

“A'a, lisans gare su, tunani sukai kahin su buga!”

Aka fashe da dariya. Ban kai ga amsawa ba allon ya yi baƙi.

Duk wannan da na iya haɗiye shi. Amma sai tsohuwar nan ta taso, ta dafa ƙofa, ta dube ni, ni mai farar riga.

“Ɗana, kai ne mai ilimin? Wayata ta samu wuta?”

Wallahi ban san lokacin da bakina ya ce, “Inna, ya danganta” ba.

Ta ce, “Da mi?”



Habu bai ɗaga murya ba. Ya durƙusa ya taɓa konbatisar, ya janye hannu. Ya shiga mayar wa mutane wayoyinsu ɗaya bayan ɗaya yana ba su haƙuri, wasu na guna-guni, wasu na cewa za su koma wurin wani. Ya sa wayar tsohuwar a aljihu ya hau babur ya tafi nema mata caji a wani shago. Ko ta samu kiran ɗanta, ban sani ba, ban kuma taɓa samun ƙarfin halin tambaya ba. Da ya dawo sai ya ɓamɓare tablo ɗina daga bango, ya ninke shi a hankali, ya miƙo mini da hannu biyu.

“Malam, ga takardarka.”

Malam. Na tsaya ina jiran ya ƙara da bawa, ko mai gilashi, ko wani zagin da zai sa mu yi dariya a wuce wurin. Bai ƙara ba.

Shagon ya yi kwanaki a rufe kafin ya samo wani konbatisar. Baƙar, na ji an ce wani ma'aikaci ya saye ta. Daga baya Habu ya koma ya ɗauko siririyar nan da ya nuna tun ranar farko, kuma ita ake wasa da ita har yanzu. Wani ne ke riƙe da wurin. In mun haɗu a suna ko biki yana gaishe ni da ladabi, ya tambayi lafiyar gida, kamar baƙo.

Abin da na koya bai wuce layi guda ba, kuma shi ne layin da na goge: kafin ka tambayi na'ura ƙarfinta, tambayi mai shago wutarsa.

Wanda duk yake wurin ranar, in ya ga na ƙara ko na rage, ya aiko mini da gyara, zan karɓa. Musamman kai Habu. In ka ce ƙarya nake, ka haɗa da “bawana mai gilashi”, ba zan yi musu ba.