Rasuwar Kalmar Sirrin Falon Hajiya Ma'u

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, gwargwadon ɗan abin da aka iya kalatowa, Hajiya Ma'u ta unguwar Briqueterie, matar marigayi Alhaji Ƙasimu mai atamfa, tana sanar da dangi da maƙwabta rasuwar kalmar sirrin kwamfutar falonta, wadda yara ke kira modepas. Ta rasu ranar Talata da hantsi, tana da shekara uku da wata biyu, ba ta taɓa yi wa kowa alheri ba.

An haifi marigayiyar washegarin sadakar arba'in ɗin Alhaji. Babban ɗan gidan ne ya zo da ita daga Cité Verte, inda yake zaune da iyalinsa. Ba za a ga sunansa a wannan takarda ba. Ɗan fari ne, bakin Hajiya bai taɓa furta sunan ba tun ranar da aka raɗa shi, "wancan" take ce masa. Shi ya ce a kulle kwamfutar saboda tsaro. A cikinta akwai hotunan Alhaji a rumfarsa ta kasuwar Mokolo, da bidiyon tafiyarsa Makka, da wani guntu da yake dariya har hularsa ta faɗi. Wai Hajiya ba ta yi boko ba, za ta danna inda ba shi ba, ta goge komai.

Cikin kyawawan halayen marigayiyar akwai riƙon amana: shekara uku cur ba ta bar matar gidan ta shiga ba ko sau ɗaya. Ɓarawo bai taɓa zuwa ba, balle a ga jarumtarta. Duk tsaron nata a kan tsohuwa ɗaya ya ƙare. Ba ta san babba ba, ba ta amsa sallama. Fuskarta ɗige-ɗige ne baƙaƙe kamar kashin ɓera, maganarta kuwa ɗaya ce tal: tun! Da ita take korar mutum daga gaban hoton mijinsa.

Ran Lahadi bayan la'asar kawai take sakin fuska, in ubangidanta ya zo. Ya zauna, ya kare madannan da tafin hannu kamar mai cin nama a gaban mayunwata, ya buɗe. Sai ya tsaya a kan Hajiya yana duban agogo. Minti goma sha biyar. "Mama, ya isa haka, ina da randebu, ana jirana." Ya kashe, ya tafi da Alhaji a aljihunsa.

Ciwon ajalinta ya soma ne ranar da Hajiya ta shiga ajin karatun manya na Malama Karimatu, ba wanda ya lura. Hajiya ba mai yawan magana ba ce, amma kunnenta ba ya hutu. Tana gefe tana ɗinkin hula, tana jin yatsun wancan: ƙwas-ƙwas sau takwas, a ɗan tsaya, sannan huɗu da sauri. Kowace Lahadi haka. Wadda ta shekara arba'in tana ƙirga zare ba za ta ɓata a goma sha biyu ba. Harafi takwas, lamba huɗu. Mutum ɗaya ta sani a duniya da zai kulle ƙofa da sunan kansa da shekarar haihuwarsa, ya kuma ga ya yi dabara.

Lissafinsa shi ne uwar da ba ta faɗin sunan ba za ta taɓa kusantarsa ba. Ya manta kunya baki ta ɗaure, ba ta ce komai a kan yatsa ba. Bai kuma san sunan nan shi Hajiya ta fara koyon rubutawa ba, tun kafin nata. Takardar haihuwarsa ta kai wa Malama, ta ɗora yatsa a kai, ta ce, "Wannan nake so." Shekarar kuwa ba sai an tuna mata ba, ita ta yi naƙudar, kwana biyu.

Ranar Talatar, Malama Karimatu ta zauna tana karanta Faransancin da ke kan allon kwamfutar, Hajiya na dannawa da kanta har wurin sauya kalmar sirri. Aka tambayi tsohuwar kalma, ta rubuta. Aka tambayi sabuwa, ta bar gurbin fayau. Aka ce ta tabbatar, ta sake barinsa fayau. Marigayiyar ko shurawa ba ta yi ba. Daga nan har azahar hular Alhaji ta faɗi sau goma sha ɗaya, miya ta kama a tukunya, ba abin da ya goge.

Ta rasu ta bar maraya ɗaya a Cité Verte, mai gemu da 'ya'ya uku, wanda har yanzu bai sami labari ba. Ana roƙon jama'a kada a riga Lahadi gaya masa.

Babu wanka, babu likkafani, don ba ta bar abin binnewa ba. Za a yi zaman makoki ranar Lahadi bayan la'asar a falon Hajiya, akwai shayi da tsire, kwamfuta na kunne ga duk mai son gaisawa da Alhaji. An ware wa marayan kujerar gaba domin ya yi kukansa. An ba shi minti goma sha biyar. Hajiya ce za ta riƙe agogo.