Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar Shagon Mai Zane

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Mai Zane, mai shagon allunan talla da ke ƙarƙashin bene, yana sanar da 'yan'uwa da abokan ciniki rasuwar tsohuwar kwamfutarsa, wadda aka fi sani da Gwaggo. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi, tana da shekara goma sha ɗaya, bayan jinyar da ba ta kai minti uku ba.

Marigayiyar ba ta san ƙyale-ƙyale ba. Baƙin allo ne da farin rubutu, ka buga mata umarni ta cika. Da safe takan gaishe shi da "tiit" guda ɗaya, fankarta ta ɗauki "gurrr" har a tashi. Ita kaɗai ta iya magana da injin yankan leda, ta hanyar wata manhaja da masu ita suka daɗe da rufe kamfani.

Kowa shaida ne kan riƙon da Mai Zane ya yi mata. Ƙaninsa, wanda suke aiki tare, ya taɓa share mata ƙura, ya sha faɗan kwana uku. Uwargida kuwa ko jakarta ba ta isa ta ajiye a teburin ba. Ba a taɓa Gwaggo sai da ilimi, in ji Mai Zane, ilimin kuma a kansa kaɗai yake.

Ga yadda ciwon ya faro. A cikinta akwai fayilolin haɗaka da duk manhajoji ke aro, kamar tsani ɗaya a unguwa. Kowanne yana da 'yar mahaɗa mai nuna inda yake, da rajistar adireshi da ake sabuntawa da umarnin ldconfig. Ranar Talata wani bawan Allah ya ga sunaye suna kama da juna, ya ɗauka mahaɗan shara ce, ya share su da layin umarni ɗaya. Nan take Gwaggo ta daina gane kowa, duk abin da aka ce mata sai ta ce ba ta ga fayil ba. Da an buga ldconfig a lokacin, da ta ɗaura abinta da kanta. Bawan Allahn ya zaɓi ya kashe ya kunna, ba ta sake cewa "tiit" ba. Iyalai ba su san ko wane ne ba. An dai lura ƙanin yana can wajen kafa allo, uwargida tana gida, makullin shago kuma ɗaya ne.

Ta rasu ta bar injin yankan leda cikin takaba, da madannan da rabin haruffansu suka goge, da aikin alluna arba'in na wata makaranta da aka yi alkawarin kai wa ranar Asabar.

Mai gyara ya zo, ya duba ta a gaban ƙanin da uwargida.

"Ai wannan suma ta yi," in ji shi. "Ku bar ni in ciro faifanta na ajiyar bayanai in karanta umarnin ƙarshe da aka buga mata, yanzu za ta tashi."

Tsoro ya kama Mai Zane fiye da baƙin cikin.

"Haba malam, ba a tona cikin mamaci. Kwananta ne ya ƙare."

Uwargida ta ce, "Maigida, a bari ya duba mana."

Ya ce shi dai ya riga ya rungumi ƙaddara.

Za a yi jana'iza gobe da ƙarfe goma, a ɗauke ta cikin kwalinta zuwa ɗakin ajiya na bayan shago. Masu zuwa ta'aziyya su taho da almakashi, don da hannu za a yanka haruffan makarantar. Mai Zane ya roƙi alfarmar shi zai rufe kwalin da kansa, kuma da faifanta za a binne ta.