Yaƙin Nomau Mai Shayi a Rana Mafi Gajarta

Da sunan Mai juya dare da rana muke buɗe tarihin Nomau ɗan Barmo, jikan Gagare, tsatson gidan da ba a taɓa jin butarsu ta huce ba. Sarkin Shayin tashar Malumfashi, Amirul Madara, mai yanka burodi ba ya duban wuƙa, sadaukin da ya taɓa raba faɗan direbobi biyu da cokali ɗaya tak.

To, wannan gwarzo akwai inda jarumtarsa ke ƙarewa: Kubura, bazawara mai ƙosai, wadda kaskonta ke taku bakwai daga teburinsa. Shekara huɗu yana sonta, amma wallahi abin da ya iya faɗa mata bai wuce "Ina kwana" ba. Ga kuma mugun labari ya iso, wai wani kwandasta ya fara sayen ƙosan da ya fi ƙarfin cikinsa.

Ana cikin haka rediyo ta sanar cewa jibi ce rana mafi gajarta a shekara, daga ita yini zai fara ƙaruwa. Nomau ya ce wannan ishara ce. Ya shiga ɗaki ya haɗa rundunar waƙoƙi a cikin memorin waya, irin wadda ba a taɓa gani ba tun zamanin kaset: kalangu a sahun gaba, goge a dama, waƙoƙin Indiya a hagu, jitar Kwango na rufe baya, ga wata waƙar Sudan da shi kansa bai san me take cewa ba. A tsakiyarsu, lamba ta tara, ya ɓoye babban makami, wato muryarsa, wadda sai da ya ɗauka sau goma sha ɗaya kafin ta daina rawa.

Ranar arangama gari ya waye da sanyi mai ratsa ƙashi. Jarumi ya kafa sifika a kan gwangwanin madara, ya juya bakinta saitin kasko, ya gyara hula.

"Yau ko ni ko kwandasta!" in ji shi, ya danna.

Kalangu ya yi ruri, goge ya yi kuka, Indiyawa suka shigo da dukan ƙarfinsu, direbobi suna kaɗa kai, wani tsoho yana neman tsari. Sai aka zo lamba ta tara, murya ta cika tasha:

"Kubura, ni ne Nomau. Aurenki nake so. Shi ke nan."

Kofuna suka tsaya a hanyar baki. Nomau ya taka takun nan bakwai, kowanne kamar tafiyar Makka a ƙasa, ya tsaya gaban kasko.

Kaico! Baiwar Allah sanyi na tayar mata da ciwon kunne, don haka tun asuba ta toshe kunnuwanta da auduga, ta ɗora hular sanyi, ta naɗe da mayafi biyu. Ta ɗago, ta zare audugar gefe guda.

"Malam Nomau, magana kake yi?"

Mutum arba'in suka zuba masa ido. Amirul Madara ya dubi kasko.

"Cewa na yi yau ana sanyi."

"Wallahi kuwa," in ji ta, ta mayar da audugarta.

Shi kuwa kwandasta, Allah ya hore masa kunnuwa lafiya lau. Ya ji komai, ya kuma san yinin gajere ne. Kafin la'asar kawunnansa sun isa gidan su Kubura da goro.