Rasuwar Mai Ido Ɗaya, Kyamarar Namadi Mai Hoto

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ba ta saba kuka a gaban jama'a ba, ni Namadi Mai Hoto na Bagudo nake sanar da rasuwar kyamarata, wadda yara ke kira Mai Ido Ɗaya. Ta cika a wannan damina ta bayan samun 'yancin kai, bayan jinya mai tsawo.

Marigayiya akwatin katako ce mai ƙafa uku. Ba wanda ya koya mini ita. Ita ta koya mini kanta, kuma ta fi malamai da yawa tarbiyya. Ba ta da surutu. Iyakar maganarta ƙiii idan na ja sandar da ke daidaita ganinta, sai kuma ƙwas idan na mayar da murfin idonta.

Babban halinta shi ne ta san abin da ya kamata a duba. Idan na buɗe idonta sosai, sai ta kama fuskar wanda ke zaune gabanta har gashin gira, duk abin da ke bayansa kuma ya narke: juji, jakin maƙwabci, da 'yan zaman banza masu leƙo kai don su shiga hoton da ba nasu ba. Idan na tsuke idon, takan nuna komai tun daga tabarma har bishiyar nesa, amma sai mutum ya daɗe bai motsa ba. Mutanen yanzu suna son a gan su, a ga gidansu, a ga kekensu, kuma ba sa iya zama shiru. Ita ba ta taɓa yarda da wannan kwaɗayi ba.

Ta ɗauki masunta a Kaoje, ta ɗauki fatake a kasuwar Dole Kaina. Da aka kafa shinge a kan iyaka, a hanyar ƙasar Dahomi, sabon jami'i ya ce ba mai wucewa sai da takarda mai hoto, ita ta fitar da fuskar kowa a ƙasar nan. Ni kaɗai ba ta ɗauka ba. Na sha faɗa cewa hoto don bukata ne, mai kallon fuskarsa don nishaɗi ya rasa aikin yi. Har gobe ina kan wannan magana.

Ciwon ajalinta ya fara ne ranar bikin 'yanci. Na ja sandarta har ƙarshe don ta kamo tuta da taron da ke can nesa, ruwa ya sauko mana, laima ta shige ta. Tsatsa ta riƙe sandar a inda na bar ta. Na sa man gyaɗa, na sa man keke, na shanya ta a rana. Tun daga ranar ba ta ƙara ganin na kusa da ita ba, sai abin da ke nesa. Na lura ba ita kaɗai wannan ciwo ya kama ba a shekarar nan.

Ana cikin haka saƙo ya zo cewa Yaya Mairama, wadda ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, tana kwance a garin aurenta a hayin iyaka, tana kiran sunana. Mai gyaran kyamara ma yana can ɓangaren. Ba na wucewa sai da hoto, ba hoto sai an gyara ta, ba gyara sai na wuce.

Na kai ta bakin shinge, na zauna gabanta a karo na farko, na sa Maliki mai jakuna ya cire murfi ya mayar. Ta ce ƙwas, a hankali. Da na wanke hoton, ga kukar da ke hayin iyaka ta fito reshe-reshe, ga hanyar garin Yaya har sawun shanu. Ni kuwa wani dusu-dusu ne mai hula a tsakiya. Jami'in, yaron da ni na ɗauki hoton da ya nemi aiki da shi, ya duba ya ce, Baba, kukar tana iya wucewa, amma wannan hayaƙin ban san shi ba. Washegari gilashin idonta ya tsage.

Maliki ya ce in bi shi ta hanyar daji, kowa ma can yake bi. Na ce masa na shekara ina tsayawa a ƙofar masallaci ina kiran masu bin wannan hanya ɓarayin doka, da shi a cikinsu. Ya ce to in zauna da wa'azina, shi zai gaida Yaya.

Marigayiya ta bar ƙafafu uku, ɗaya da ɗauri, da baƙin ƙyallen da nake lulluɓa, da kwanon wanke hoto, da fuskokin mutane masu yawa da ke ƙetare iyaka kullum, da ni.

Ba za a yi mata salla ba, katako ce, na san iyakata. Ranar Juma'a bayan la'asar za a naɗe ta a baƙin ƙyallenta, a ɗora ta a jakin Maliki, ta bi ta shinge a gaban jami'i, tunda ba a tambayar gawa hoto. Na sa hoton ƙarshe a cikinta, a miƙa wa Yaya. Za ta gane kukar. Dusu-dusun ma za ta gane shi, ita ta yi masa wanka yana ƙarami.

Masu ta'aziyya za su same ni a wannan gefen shingen, kan dutsen da ke fuskantar hanya. Kada a zo da kuka, kada kuma a zo da shawarar hanyar daji.