Kafso a Kokon Hafsatu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi alfahari a asibiti a Mafara ba. Da abin da mutum ya aikata yana goguwa, da kafson nan zan fara gogewa.

A Garbadu Likitan Zaure ake ce mini (a firamare na tsaya, amma wa ya tambaya?). Ban rabuwa da kafso ja da rawaya a aljihu. A tunanina ciki kamar rumbu yake, sai ana share shi. Jikata Hafsatu, wadda nake kira amaryata, tare muke shan koko da safe. Ko ƙugi cikinta ya yi, sai in ɓare kafso in zazzage mata a ciki.

"Tsoho, kokonka ɗaci gare shi," in ji ta. "Wallahi yaji zan yi!"

Da damina gudawa ta shigo unguwarmu. Yaran maƙwabta suka yi ta suka miƙe, Hafsatu kuwa ta kwanta. Na ƙara mata kafso. Sai da idanunta suka faɗa muka kai ta asibiti.

Likita ya tambayi uwarta Rabi, matar ɗana, ko an ba ta wani magani. Kafin ta buɗe baki na gyara babbar rigata.

"Likita, cikin yarinyar nan tas yake. Tun bara nake wanke shi da kafso, ko ƙwayar cuta ban bari ba."

Likita ya juyo ya dube ni.

"Baba," in ji shi a hankali, "hanji ma gari ne. Akwai ƙwayoyi masu amfani da ke zaune ciki, su ke tare wa mugu wurin zama, su hana shi abinci. Kun kori masu gari, mugu ya zo ya tarar da kango."

Ni da na ga yadda ƙauyukanmu ke komawa in mutane suka watse, ban nemi ƙarin bayani ba. Rabi ta sunkuyar da kai, ta ce:

"Baba, ku yi haƙuri, ku jira mu a waje."

Na fita, hula a hannu.

Allah ya tashi kafaɗar Hafsatu, bayan doguwar jinya. Amma yanzu in na kira ta da safe, sai Rabi ta amsa daga ɗaki cikin ladabi: "Ta riga ta karya, Baba." Amaryata dai ta yi yajin da ta daɗe tana faɗa, ni kaɗai nake shan kokona.

Don Allah, kada ku ba yaro kafso sai likita ya ce. Ba kowane mazaunin ciki ne abokin gaba ba.