Ranar da Illo Ya Zagi Surukinsa

"...lahiya lau, tsohon angona. Ina gajiyar ruwa?"

"Riƙe gaisuwarki, mai hannun ɓarna."

Malam Illo mai jirgin fito ne tsaye a bakin shagon jikarsa Mufida a kasuwar Warra, yana huci kamar kububuwa. Wayarsa ta tsufa, kamfanin da ya ƙera ta ya yi watsi da ita, har saƙon murya ya daina shiga. Jiya Mufida ta jona ta da kwamfuta, ta fasa makullin kamfanin da kayan aikin da masana ke bajewa kyauta a intanet, ta zuba mata sabuwar manhaja. Waya ta tashi garau. Sai dai fasawar ta share komai, har hotunan da Illo ke gane masu kiransa da su, don shi a boko ko bihim bai sani ba.

"Magani nac ce ki yi mata, ban ce ki mai da ta jinjira ba. Gyaran gangar Auzinawa!"

"Wayar da tag girmi haƙoran da sunka rage maka? Na hwaɗa maka komi zai goge, kana can kana cinikin taba kac ce in yi abin da nig ga dama."

"To ji abin da kig ga dama. Wa ka kirana kullum da hantsi?"

"Taubashinka Ɗangana."

"Haka ni ma na zata. Nid ɗauka nac ce, bawana, mai kan ƙwarya, mai lashe akushin maƙwabta, wanda ko jaki ya hi shi wayo. Sai da na zazzage buhu tas, sannan nij ji gyaran murya: 'Illo, Almustapha na.'"

Mufida ta dafe baki. Malam Almustapha na Shanga shi ne mahaifin Delu, matar Illo. Tun da aka ɗaura auren Illo bai taɓa haɗa ido da shi ba, ko sunansa ba ya kamawa. Yanzu Delu ta ƙulle kayanta, ta rantse in ba a je an wanke wannan abin kunya ba, jirgin gobe da ita zai tashi. Abin ya ci wa Illo rai ƙwarai.

"Waya na hwasa, ba bakinka ba," in ji Mufida. "Baki shi ka yanka wuya."

"Na sake ki, saki ukku."

"Sakin wanda bai biya sadaki ba? Ka ji da wadda ta ƙulle kaya."

"Kifin ga da nik kawo miki lada, gara in mai da shi ruwa."

"Kifin banda na, tsoho. Ko kai ka hi shi iyo."

Ana cikin haka waya ta ɗau ruri, lamba tsirara ba hoto. Illo ya ɗauka surukinsa ne. Ya tuɓe takalma, ya durƙusa a tsakiyar kasuwa, ya tallabe wayar da hannu biyu. Garin sauri ya danna abin ƙara murya.

"Allah shi gafarta Malam, na tuba. Ni bawanka na, ƙasar da kaka takawa."

Sai wata dariya ta ɓarke daga cikin wayar, dariyar da duk Warra ta sani.

"Alhamdu lillahi," in ji Ɗangana. "Yau bawa ya gane ubangidanshi. Sake hwaɗi, Illo, bari in tara mutane."

Illo ya so ya ci gaba da fushi, abin ya gagara. Dariya ta ƙwace masa har ya zauna daɓas a ƙasa, masu albasa suna taya shi. Ya jefa wa Mufida ƙunshin kifin.

"Amshi, kin ci. Amma gobe ke ka shiga gaba zuwa Shanga, ki yi ma Malam bayani. Ni ba ni ƙara buɗa baki sai na ga huskar mutum."